Ƙona Gawa, Tulun Toka da Hanyoyin Tunawa da Mamaci: Tsokaci Daga Unguwar Bolewa

Gabatarwa

A zangon karatun da ya gabata malaminmu na darasin fassara ya ba mu wani guntun labari na Ingilishi, ya ce kowa ya mayar da shi Hausa. Labarin wata tsohuwa ce a Amurka da mijinta ya rasu aka ƙona gawarsa, ta zuba tokar a wani mazubi ta ɗora a kan kanta a falonta, kullum da safe sai ta goge masa ƙura. Sunan mazubin nan shi ya tsaya mini a wuya. Da na rasa yadda zan yi sai na rubuta "tukunyar toka". Ranar da aka karanta aikina aji ya kwashe da dariya, wata ɗaliba ta ce ita dai tukunyar tokar da ta sani ita ce wadda ake tace tokar miya da ita. Malam bai yi dariya ba. Cewa ya yi: "Wanda bai san al'ada ba, ƙamus ba zai cece shi ba. Je ka binciko yadda suke yi, ka kuma tambayi kanka yadda ku kuke yi."

Ni Babole ne daga unguwar Bolewa a garin Potiskum, Hausa kuwa a waje da makaranta na koye ta, saboda haka na saba da tsayawa a kan kalma in tambaye ta asalinta. Wannan maƙala sakamakon binciken da Malam ya sa ni ne. Za ta bayyana yadda ake ƙona gawa da abin da ake yi da tokar, ta duba matsayin abin a wajenmu, sannan ta nuna inda mu muke ajiye mamatanmu a zuci da kuma a harshe.

Yadda Ake Ƙona Gawa

Ƙona gawa tsohuwar al'ada ce a wajen mabiya addinin Hindu da na Buddha. A Indiya akan jera itace a ɗora mamaci a kai, babban ɗansa namiji shi ne yakan kunna wutar. Birnin Baranasi da ke bakin kogin Ganga ya yi suna a kan haka, domin mutane da yawa na burin a ƙona su a can a zuba tokarsu a kogin. An ƙona gawar Mahatma Gandhi a kan itace a birnin Delhi ranar 31 ga Janairu, 1948.

A ƙasashen Turai kuwa ƙona gawa irin ta zamani ba ta daɗe da farawa ba. A Ingila an fara yin sa a hukumance a garin Woking a 1885, majalisa ta yi masa doka a 1902. Su ba itace suke amfani da shi ba. Wani ɗaki ne mai kama da tanda, an gina shi da bulo mai jure wuta, zafinsa yakan kai digiri 800 zuwa 1,000 a ma'aunin Salshiyos. Cikin awa 2 zuwa 3 nama ya ƙone, sai gutsattsarin ƙashi. Wannan ƙashin ake niƙawa da inji ya zama gari, nauyinsa kamar kilo 2 zuwa 3 ga babban mutum. Ashe ke nan abin da ake kira toka garin ƙashi ne, kuma wannan ma abin lura ne ga mai fassara.

A Japan sama da kashi 99 cikin 100 na mamata ƙona su ake yi. A Amurka adadin ya kai kimanin kashi 60 cikin 100 a shekarar 2023. Dalilan da suka jawo haka sun haɗa da tsadar filin kabari da akwatin gawa, da ƙarancin fili a manyan birane, da warwatsuwar dangi a garuruwa daban-daban, har ya zama babu mai zama kusa da kabari ya kula da shi. Cocin Katolika ma, wanda a da ya hana, ya sassauta a 1963. Amma a 2016 ya fitar da umarni cewa kada a watsar da tokar, kada kuma a ajiye ta a gida, sai a wuri mai tsarki kamar makabarta. Yahudawa masu riƙo da addini da yawancin cocin Otodoks har yanzu binnewa suke yi.

Abin da Ake Yi da Tokar

A nan ne aka zo ga kalmar da ta kayar da ni. Mazubin yakan yi kama da ƙaramin tulu mai murfi, akan yi shi da yumɓu ko tagulla ko katako ko dutse. Akan zana sunan mamacin da shekarun haihuwarsa da rasuwarsa a jiki. Wasu sukan sa a yi masa siffar abin da mamacin yake so, alal misali jirgin ruwa ga masunci ko littafi ga malami. Daga nan wasu su kai shi gida, wasu su binne shi, wasu kuma su sa shi a wani gini mai ƙananan tagogi kamar alkuki da aka tanada a makabarta ko a coci.

Akwai kuma waɗanda ba sa ajiye tokar wuri ɗaya. Sukan raba ta tsakanin 'ya'ya, kowa ya sa kaɗan a cikin abin wuya ko zobe. Wasu su watsa ta a teku ko a kan dutsen da mamacin yake son zuwa. Wasu su cakuɗa ta da ƙasa su dasa itace a kai. Har akwai kamfanonin da ke tace sinadarin gawayi daga tokar su mayar da shi lu'ulu'u.

Da farko abin ya ba ni tsoro, daga baya na gane bukatar da ke ƙarƙashinsa. Tsohuwar da ke goge ƙurar tulu tana neman wurin da za ta riƙa fuskanta ne idan kewar mijinta ta taso. Wannan bukata kowane ɗan Adam yana da ita, hanyar biyan ta ce ta bambanta. A ganina fassarar da ta fi dacewa ita ce "tulun tokar mamaci", kuma dole ne mai fassara ya ƙara jimla ɗaya ta bayani a karon farko da kalmar ta fito, in ba haka ba mai karatu zai tafi madafi da tunaninsa kamar yadda 'yan ajinmu suka yi.

Matsayin Ƙona Gawa a Wajenmu

A Potiskum, Bolewa da Ngizimawa da Karekare da Hausawa da Fulani, Musulminsu da Kiristansu, duk binnewa suke yi. A Musulunci malamai sun haɗu a kan cewa ƙona gawa haramun ne, kuma wankan mamaci da sa masa likkafani da yi masa salla da binne shi farilla ce a kan al'umma, idan wasu suka yi ta faɗi a kan saura. Sukan kafa hujja da labarin hankakan da ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda zai rufe gawar ɗan'uwansa, wanda ya zo a Suratul Ma'ida aya ta 31, da kuma hadisin da ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya shi yana da rai. Shi ya sa Bahaushe ya kira dukan hidimar da "sutura", wato rufin asiri.

A Nijeriya, Jihar Legas ta yi dokar ƙona gawa a 2013, zamanin gwamna Babatunde Fashola. Dokar ta ba da dama ne ga wanda ya so, da kuma gawarwakin da aka rasa masu su a asibitoci. Inda abin yakan zama tashin hankali shi ne idan hukuma ta tilasta. A watan Agusta na 2014, lokacin annobar Ebola, gwamnatin Laberiya ta ba da umarnin ƙona gawarwakin waɗanda cutar ta kashe a Monrobiya. Mutanen ƙasar suna da ranar hutu ta musamman a watan Maris da suke zuwa gyara kaburburan danginsu, saboda haka wasu suka riƙa ɓoye marasa lafiya suna binne su a asirce, har sai da aka samar da makabarta ta musamman a ƙarshen shekarar. A Sri Lanka ma, daga 2020 zuwa Fabrairun 2021, an tilasta ƙona waɗanda cutar korona ta kashe, har da Musulmi, duk da cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce binnewa ba ta da haɗari. Sai a watan Yulin 2024 gwamnatin ƙasar ta nemi afuwa. Waɗannan misalai sun nuna cewa yadda ake sallamar mamaci ba ƙaramin abu ba ne a wajen masu rai.

Tukunya da Kabari a Ƙasashenmu

Da na ci gaba da bincike sai na ga ashe tukunya ba baƙuwa ba ce a sha'anin mutuwa a yankinmu, sai dai babu wuta a ciki. A Bura, cikin jihar Tilaberi ta Jamhuriyar Nijar, an gano wata tsohuwar makabarta a 1975, aka tone ta a 1983 ƙarƙashin jagorancin masanin tarihi Bube Gado. An sami ɗaruruwan tuluna a kife, wasu da siffar kan mutum, kuma an ƙiyasta zamaninsu tsakanin ƙarni na 3 da na 13. Mutanen Sau, waɗanda suka zauna kudu da Tafkin Chadi, sukan sa mamaci a cikin wata babbar randa su kife wata a kai su binne. Dakarkari na ƙasar Zuru an san su da ɗora tukwane masu ado a kan kaburburan manyansu. Yungur na Jihar Adamawa kuwa sukan gina tukunya mai siffar fuska domin shugabansu da ya rasu.

Har yau ma tukunya ba ta bar makabarta ba. Idan aka haƙa kabari, akan yi babban rami sannan a yi siriri a cikinsa daidai kwanciyar mutum. Bayan an kwantar da mamaci a gefensa na dama yana fuskantar alƙibla, akan rufe siririn ramin kafin a mayar da ƙasa. Mu a wajenmu itace aka fi jerawa, a Kano da wasu garuruwan Hausa kuwa da tukwanen ƙasa da aka raba biyu ake rufewa, sannan a liƙe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Wato a can tulu na riƙe mamaci ne don ya zauna tare da masu rai, a nan kuwa tukunya na kare shi ne daga ƙasa a kan hanyarsa ta komawa cikinta.

Inda Muke Ajiye Mamatanmu

Kabarin Musulmi ba a yi shi don ya dawwama ba. Hadisai sun hana gini a kansa da shafe shi da farar ƙasa, amma an ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ajiye dutse a kan kabarin sahabinsa Usman ɗan Maz'un domin ya riƙa gane shi. Saboda haka alama ta halatta, kuma a yau akan kafa ɗan allon ƙarfe mai suna da kwanan wata, ko da yake malamai sun yi saɓani a kan rubutun.

Kakana ya rasu ina aji uku a sakandare. Mun kafa masa irin wannan allo. Bayan damina huɗu na raka mahaifina ziyara, muka tarar babu allon, ko tsatsa ce ta ci shi ko masu tsintar ƙarfe ne suka cire, ga kuma sababbin kaburbura sun kewaye wurin. Muka yi ta zagaye har rana ta yi zafi. Daga ƙarshe mahaifina ya tsaya a inda yake zato, ya yi sallama ga dukan mazauna wurin, ya yi addu'a. A hanyar komawa ya ga raina ya ɓaci, sai ya ce: "Me ya dame ka? Ai Baba yana gida, shi zai buɗe mana ƙofa." Ƙanena yake nufi, wanda aka haifa wata bakwai bayan rasuwar aka sa masa sunan kakan. Wannan magana ita ce ta buɗe mini ido a kan hanyoyinmu na tunawa, waɗanda zan kasa gida huɗu.

Hanya ta farko ita ce suna. Idan aka mayar wa jariri sunan kaka, kunya takan hana iyaye da surukai ambaton sunan, sai a yi masa lakabi. Daga nan aka sami Abba da Baba da Baffa da Babangida ga maza, da Ummi da Inna da Uwani da Hajiya ga mata. A zamanin nan an ƙara da irin su Halifa da Walida. Akwai kuma sunayen da su kansu tarihin rashi ne. Audi shi ne wanda aka haifa bayan mahaifinsa ya rasu, Talle wanda ya rasa mahaifiya yana ƙarami, Ajuji da Ayashe da Barmani kuwa sunayen 'ya'yan mai wabi ne, wato matar da 'ya'yanta ke mutuwa suna jarirai. Duk wanda ya ji irin wannan suna, in dai ya san Hausa, ya san an yi kuka a gidan kafin a yi guɗa.

Hanya ta biyu ita ce addu'a da sadaka. Bayan jana'iza akan yi zaman makoki, galibi kwana 3, ana karɓar ta'aziyya. Matar mamaci takan shiga takaba ta wata 4 da kwana 10, mai ciki kuwa har ta haihu. A gidaje da yawa akan yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, a raba gumba ko waina. Tun bayan kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978 aka ƙara samun masu ganin ƙayyade waɗannan ranaku bidi'a ce, wasu kuma suna nan suna yi. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne sadaka mai gudana, bisa hadisin da ya nuna cewa ita da ilimi mai amfani da ɗa na gari mai addu'a ba sa yankewa bayan mutuwa. Shi ya sa ake haƙa rijiya ko burtsatse, a sayi butoci da tabarmi a kai masallaci, a ajiye randar ruwa a bakin hanya, ko a dasa dogon yaro, wanda mu muke kira maina, domin mutane su sha inuwa ladan ya je wa marigayi.

Hanya ta uku ita ce waƙa da rubutu. Marsiyya tsohon reshe ne na adabinmu. Nana Asma'u (1793–1864) ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ta kuma yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo. A irin waɗannan waƙoƙi akan jero halayen kirki na mamaci domin na baya su yi koyi. A yau wannan aiki ya koma sanarwar ta'aziyya a rediyo, da kalanda mai hoto, da ɗan rubutun da ake sawa a Facebook ko WhatsApp duk ranar da shekara ta zagayo.

Hanya ta huɗu ta shafi manyan mutane, wato wuri da gini. Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, yana Sakkwato ana ziyartarsa, na Muhammadu Bello yana Wurno. Kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Bauchi an mayar da shi wurin tarihi. Gidan Mambayya a Kano, inda Malam Aminu Kano ya zauna har ya rasu a 1983, ya zama cibiyar nazari ta Jami'ar Bayero. Ita kanta jami'ar sunan Sarkin Kano Abdullahi Bayero take ɗauke da shi, kamar yadda hoton Janar Murtala Muhammad, da aka kashe a 1976, yake kan takardar naira 20.

Abin da Harshe Ya Adana

Ga ɗalibin harshe, kalmomin su kansu hujja ne. Kabari da makabarta da likkafani da jana'iza da ta'aziyya duk aro ne daga Larabci, sun shigo tare da Musulunci, alhali "kushewa" ta gida ce. Bahaushe ba ya son cewa mutum "ya mutu", sai ya ce ya rasu, ya cika, ya kwanta dama, rai ya yi halinsa, ko ya riga mu gidan gaskiya. Kalmar "marigayi" ma daga aikatau "riga" ta fito, da ɗafa-goshin "ma-" na mai aikatawa, ma'anarta wanda ya riga mu tafiya. Lokacin da na gane haka a darasin ginin kalma na daɗe ina juya abin a raina, domin kalmar tana tuna wa mai faɗar ta cewa shi ma yana kan hanya. Ko gaisuwar ta'aziyya haka take: a ce "Allah ya jiƙansa", a ƙara da "Allah ya kyautata namu zuwan". Mutuwa rigar kowa, in ji masu iya magana.

Kammalawa

A taƙaice, wannan maƙala ta nuna cewa masu ƙona gawa sun zaɓi ajiye abin da ya rage na jiki, mu kuwa mun miƙa jiki ga ƙasa mun riƙe suna da addu'a da aikin alheri. Mai fassara ba alƙali ba ne, aikinsa shi ne ya fahimci al'adun biyu ya isar da ma'ana ba tare da ba'a ko ƙari ba.

Sai dai hanyarmu ma tana da rauni. Lakabi yakan rufe suna har ya ɓace. Da na tambayi yaran gidanmu ainihin sunan wanda muke kira Baba, biyu ne kawai suka sani, babu kuma wanda ya iya faɗin sunan mahaifin kakan. Harshenmu na Bolanci, wanda muke kira Bo Pikka, ya yi sa'ar samun ƙamus ta hannun Alhaji Maina Gimba da Russell Schuh, amma tarihin kowane gida yana bakin tsofaffinsa ne, su kuma kullum raguwa suke yi. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, a hutu mai zuwa kowa ya zauna da dattijon gidansu da littafi da alƙalami, ko ya naɗi muryarsa a waya. Ya tambayi sunayen kakanni, da wanda aka mayar wa sunan wa, da ma'anar lakabin kowa, da kalmomin ta'aziyya a harshensu na gida. Ni na fara, na kai kakanni biyar ta wajen uba, kuma na rubuta su a bangon littafin da nake ajiye kalmomi. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kyautata namu zuwan, amin.